Tsanin Ɗanmalam

A shekarun da 'yan fashin daji, waɗanda ake kira zargina, suka hana makiyaya sakat a kudancin Garwa, sai ga Turawa sun iso da motoci sun ce za su ceci zaki. Suka ɗaura wa zakunan gandun dajin da ke hanyar Tcholliré wani ƙarfe a wuya mai nuna inda suke. Suka kuma nemi a kafa komite na masu shanu, a ɗora babban mutum a kai, wanda zai riƙa jan kunnen makiyaya kada su shiga gandu.

Babban mutum bai yi wuyar samu ba. Alhaji Lukmanu, ɗan marigayi Ɗanmalam dillalin shanu, tun ba a rufe baki ba ya gyara zaman hula. Bai taɓa ganin zaki ba sai a ƙirjin rigar 'yan ƙwallo, amma kujera ce, shi kuwa ko ta aski ce in dai a gaban jama'a aka ajiye ta zai hau. Ranar da aka rataya masa ƙyalle a kafaɗa aka kira shi Furezidan, wato shugaban komite, ya tashi gaban Sufurefe, wakilin gwamnati na yankin, ya daki ƙirji ya ce kofaton saniyarsa bai taɓa taka ƙasar gandu ba, kuma duk wanda ya kama a ciki zai miƙa shi, ko da ciki ɗaya suka fito. Ya kuwa cika rabin maganar. Talakawan Fulani masu 'yan shanu biyar ko shida ya yi ta kai sunansu ana cin su tara, shi yana tsaye yana yi musu wa'azi kan haƙƙin dabbobin dawa.

Sauran rabin kuwa, duk kara, wato kasuwar shanu ta Garwa, ba wanda bai san shi ba. Garken da Ɗanmalam ya bari, jajaye masu dogon ƙaho, kowane rani yana can ƙuryar gandu a hannun wani makiyayi mai suna Hamadu, inda ciyawa take kore kuma zargina ba sa leƙawa. Ba shanun da za a ɓoye ba ne. Kowace tana ɗauke da lalas a cinyar dama, siffar tsani mai hawa uku, wanda Ɗanmalam ya sa maƙeri ya ƙera masa tun zuwansa daga Kano. Daga Yola har Marwa, in aka ga tsanin nan an san gidan da saniya ta fito. Alhaji Lukmanu da kansa ya sa an zana shi a ƙofar motocinsa.

Wani rani zakanya ta kayar da bijimin garken a bakin ruwa. Hamadu ya aiko da labari. Furezidan na abokan zaki bai tsaya dogon tunani ba, ya aika masa da galan na maganin ƙwarin auduga, ya ce a zuba a cikin abin da ya rage na bijimin. Zakanya ta dawo ga namanta ta ci. Ta mutu a wurin, ungulaye suka sauka suka ci su ma suka zube kamar an kakkaɓe bishiya. Mai shayarwa ce, 'ya'yanta biyu daga baya aka tsince su a gindin dutse sun bushe. Ƙarfen wuyanta ya daina motsi, masu gadin gandu suka bi shi har wurin, suka bi sawun kofato, suka taso garken gaba ɗaya zuwa shingen da ke ƙofar gandu. Hamadu ya hango su tun daga nesa ya haye kogi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Washegari shugaban gandu, Shef Raphaël, ya aiko wa Alhaji Lukmanu saƙo: an kama shanu ba mai su, Furezidan ya zo ya karanta musu lambar, tunda ba wanda ya fi shi sanin shanu.

Yana ɗaura rawani yayarsa Kaltumi ta shigo. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu ta dawo gidan ubansu, kuma kashi ɗaya cikin uku na garken nata ne na gado, ba a taɓa rabawa ba.

“Lukmanu, na ji abin da ya faru. Ka je ka ce namu ne. Tara ce, ka biya ka koro su.”

“Yaya, ba ki san yadda harkar gwamnati take ba.”

“Na san yadda harkar shanu take. Saniya ba ta kwana uku a shingen gwamnati ba ta rame ba.”

“Ni fa Furezidan ne. Da wane baki zan ce nawa ne?”

“Da wanda kake cin tuwo da shi.”

“Za su karɓe kujerar, su buga a rediyo. Gobe in shiga masallaci ana nuna ni.”

“An nuna waɗanda suka fi ka, ba su mutu ba. Baba da ƙafa ya koro uwar garken nan daga Ngawundare, ƙafarsa ta tsage har ya rasu bai taka daidai ba. Kai kuma saboda ƙyallen da ko goyo ba zai yi ba…”

“Ki bar mini. Ina da dabara.”

“Dabararka ce ta kai su can,” in ji Kaltumi, ta fita.

Ya ƙi shiga motarsa mai zane a ƙofa, ya ari ta wani maƙwabci. A hanya ya tsaya ya ɗauki Mahamman Sarkin Pawa, shugaban mahautan Garwa, wanda shi ma aka kira don ya zama shaida na biyu. Sa'o'i ne, tare suka yi wasan ƙasa, kuma tun suna yara Mahamman bai taɓa raga masa ba.

“Furezidan, yau ina tsanin? Ko an kai gyara?” in ji Mahamman yana duban ƙofar motar.

“Shiga mu tafi, ka cika surutu.”

A ƙofar gandu sun tarar da taro: Sufurefe a inuwa, Baturen zaki da jajayen idanu, masu gadi, da mutanen ƙauye da suka zo kallo. An shimfiɗa fatar bijimin a ƙasa, tsani a cinya ɓaro-ɓaro kamar jiya aka buga shi. Shef Raphaël mutumin kudu ne, amma ya daɗe a arewa har ya iya Hausar kasuwa. Ya yi bayani a fili don kowa ya ji.

“Wanda ya zuba guba ya gudu, shi muke nema. Shanu kuwa, in mai su ya fito ya biya tara, ya kora abinsa yau. In ba mai su, gwamnati za ta yi gwanjonsu. Furezidan, bisimilla.”

Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Ba kurkuku, ba mari, kunya ce kawai ta yini guda, irin wadda shi ya sha ɗora wa talakawa. Alhaji Lukmanu ya sunkuya kan fatar, ya ciro tabarau ya sa, ya karkata kai dama ya karkata hagu, kamar malami gaban baƙon rubutu.

Yana cikin haka wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho ta matso bakin shinge, ta miƙo wuya ta fara lasar hannun rigarsa. Shi ya saba ba ta kanwa da hannunsa duk lokacin da garke ya dawo gida da damina. Ya janye, ta bi shi tana kuka.

“Ta san ka ne, Furezidan?” in ji Shef Raphaël.

“Turare ne. Shanu suna son ƙanshin turare.”

“Shekarata arba'in ina yanka, yau na ƙaru,” in ji Mahamman.

Alhaji Lukmanu ya miƙe ya share murya. “Wannan lamba ba ta ƙasarmu ba ce. Ta mutanen Cadi ce, masu ƙetarowa da rani. Su ne ke ɓata mana suna.”

 Wani tsoho cikin 'yan kallo ya tofar da goro ya juya baya. Shef Raphaël ya dubi Alhaji Lukmanu ya daɗe, sannan ya juya ga Mahamman.

“Sarkin Pawa, kai fa?”

Mahamman ya sosa gemu. “Shef, ni mahauci ne, saniya sai ta kwanta nake saninta. In ɗan Ɗanmalam ya ce bai san lambar nan ba, wane ni in sani?”

“Bon, shi ke nan,” in ji Shef Raphaël. “Gwanjo ran Alhamis. Furezidan, kai za ka zauna a tebur ka kaɗa mana ƙararrawa, don kowa ya shaida an yi gaskiya. Ka san wanda ke tebur ba ya taya.”

Sufurefe ya yaba wa Alhaji Lukmanu a gaban jama'a, ya ce da za a sami irinsa goma da gandu ya zauna lafiya. Alhaji ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Dabarar da yake taƙama da ita ba wata ba ce, al'adar 'yan kara ce. Tun zamanin iyaye, in hukuma ta kama dabbar wani ta kai gwanjo, dillalai da mahauta ba mai ɗaga hannu. Sai su tsaya su yi shiru, mai ita ya taya da abin da ya sawwaƙa ya kori abarsa. Yau kai ne, gobe wani. Da wannan ya dogara: Mahamman ya taya a madadinsa, sauran su yi shiru, garke ya dawo gida a ɓoye, kujera tana nan. A hanyar komawa ya faɗa wa Mahamman haka, yana murmushin mai wayo.

Mahamman ya bari sai da ya gama. “Alhaji, al'adar ta masu shanu ce. Waɗannan ai na mutanen Cadi ne.”

“Bar wasa, Sarki. Ka san nawa ne.”

“Da safe na sani. Da hantsi ka ce ba naka ba ne, a gaban Sufurefe.”

“Maganar gwamnati daban, tamu daban.”

“Bakin dai ɗaya ne. Ka san Fulanin da ka kai suna? Da suka kasa biyan tara aka yi gwanjon nasu, mun yi shiru, don sun tsaya sun ce nasu ne, suna kuka. Ɗaya har da zawo a wando, amma ya faɗa. Kai ma ka faɗa. Ba sai a rediyo ba. Ran Alhamis ka miƙe ka ce, jama'a, tsanin ubana ne. Wallahi ko yaron mahauci ba zai ɗaga yatsa ba, ni zan tsaya maka.”

“In na faɗa ai kujerar ta tafi.”

“To ka zauna a kanta.”

Kwanakin da suka biyo baya Alhaji Lukmanu bai zauna ba. Ya bi dillalai gida-gida, yana kai goro, yana magana a kaikaice: a taimaka ran Alhamis, akwai wani bawan Allah da abin ya shafa. Kowa ya tambaye shi wane bawan Allah, sai ya kama tari. Suka karɓi goron suka ci. Mutum yana so a rufa masa asirin da shi da kansa ya ƙi amsa cewa nasa ne, wa zai ɗauki wannan dakon?

Ran Alhamis mahautan Garwa suka cika motoci, har da na Figil da na Tcholliré, don labarin jajayen shanu masu araha ba ya kwana. Aka kafa tebur a inuwa. Alhaji Lukmanu ya zauna tsakanin Sufurefe da Shef Raphaël, ƙyalle a kafaɗa, ƙararrawar tagulla a gabansa. Shanun sun rame, ƙasusuwan baya sun fito, sai tsanin ya ƙara fitowa a cinya.

Ana shirin fito da kashin farko sai ga wata tsohuwa ta ratso taron maza tana dogara sanda. Kaltumi ce. Motar kasuwa ta hau tun da sassafe, ba ta gaya wa kowa ba. A hannunta akwai wani abu naɗe a tsumma. Ta zo gaban tebur ta kwance shi ta ajiye: ƙarfen lalas ne, baƙi, mai hawa uku.

“Wane ne babba a nan?” ta tambaya.

“Ga ni, Mama,” in ji Shef Raphaël, ya miƙe tsaye.

“Ɗana, shanun nan na ubana ne, Ɗanmalam. Ga ƙarfen, ka gwada a jikin kowace. Ina da kashi ɗaya cikin uku. In tara ce ku faɗa, ina da 'yan kunne da gona.”

Shef Raphaël ya ɗauki ƙarfen ya juya shi. Bai je ya gwada ba, ba sai an gwada ba.

“Mama, na ji ki. Amma an riga an ba da shaida gaban hukuma cewa na baƙi ne. Sai wanda ya ba da ita ya janye.” Ya juya. “Furezidan, ka san matar nan?”

Duk wanda ke wurin ya zuba masa ido. Mahamman ya matso har bakin tebur, ya harɗe hannuwa a baya, yadda 'yan kara suke yi in za su ƙi taya. Mahautan da ke bayansa suka yi yadda ya yi, ɗaya bayan ɗaya, har na Figil da ba su san kan zancen ba. Kalma uku ake jira. Ko a lokacin, da ya faɗa, da an rufa masa.

Alhaji Lukmanu ya dubi Sufurefe, ya dubi ƙyallen kafaɗarsa, ya gyara shi.

“Yayata ce,” ya ce. “Ku yi mata uzuri. Tsufa ne, idon ya tafi, kan ma yakan tafi ya dawo. Ƙarfen nan na buga buhu ne.”

Kaltumi ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi kamar yadda ake duban abin da kare ya bari a ƙofar gida.

“Ni na goya ka,” ta ce. “Da na san abin da nake goyo ke nan, da na ɗauki tulu.”

Ta karɓi ƙarfenta daga hannun Shef Raphaël, ta naɗe shi, ta koma gefe ta zauna a kan dutse. Ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga ƙarshe.

Mahamman ya saki hannuwansa. “To, jama'a, na Cadi ne. Kowa ya taya.”

Aka fara. Ana fito da shanu kashi-kashi, mahauta suna taya, in an tsaya Shef Raphaël ya ce, “Furezidan,” shi kuma ya kaɗa ƙararrawa. Da farko da ƙarfi yake kaɗawa, don kada a ce wani abu. Da rana ta take, sai an kira shi sau biyu. Mahauta kuwa ba su tausaya ba. Wani ya ɗaga murya ya ce, “Furezidan, wannan karsanar ta Cadi za ta yi shekara nawa?” Kafin ya ankara bakinsa ya riga shi, ya ce uku da rabi. Aka fashe da dariya, har Sufurefe ya tambayi abin da ake wa dariya, ba wanda ya fassara masa.

Tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho ita ce ta ƙarshe, ba mai so don ba nama. Mahamman ya saye ta, ya ja ta da kansa ya kai gaban Kaltumi ya miƙa mata igiyar.

“Yaya Kaltumi, ga ta. Ba sadaka ba ce. Baba Ɗanmalam ya sha ba ni bashin bijimi ba shaida.”

Ta karɓa. Ba ta koma gidan ubanta ba, wurin 'yarta ta wuce a Domayo, can Marwa, da saniyar da ƙarfen.

Sauran garken bai kai mako biyu ba. Garwa ta ci nama mai araha har talaka ya san an yi gwanjo. Fatun kuwa, mahauta sun saba shanya su a bayan mayanka, amma wannan karon suka ce wurin ya yi kaɗan. Suka kafe su a jikin dogon bangon da ke kan hanyar gidan Alhaji Lukmanu zuwa masallacin Juma'a, gashi a waje, cinyar dama a sama.

Ran Juma'a ya fito da babbar riga, yana tafe yana kallon ƙasa. Mahamman na zaune a gindin bangon yana wasa wuƙa.

“Furezidan, barka da Juma'a. Masu jima sun ce a tambaye ka, fatar Cadi tana da kyau kuwa?”

Alhaji Lukmanu ya ci gaba da tafiya. Bangon yana da tsawo, kuma ba wata hanyar sai ita.